Naɗar tarihi daga bakin dattawan Katsina da Daura: ta ina ake farawa, a ina ake ajiyewa?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'a. Da wuya mako ya wuce ba a sanar da rasuwar wani dattijo a nan ba, sai ka ga an bi da cewa "ai tarihin unguwar nan kaf a kansa yake". To, a kansa yake, kuma da shi aka rufe shi. Matasa da dama sun ce a shirye suke su zaga da wayoyinsu, sai dai ba su san ta inda ake kama aikin ba. Masana, bismillah. A ba mu abin da za a iya aiki da shi gobe da safe.

Malamin tarihi, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa waya a ɗauki biro. A rubuta sunayen waɗanda za a je wa, a jera su bisa shekaru da ƙarfin jiki, ba bisa muƙami ba. Mai sarauta yana da maroƙa da 'ya'ya masu riƙe masa tarihi. Tsohon marini, da maƙeri, da wanzami, da direban da ya yi jigilar gyaɗa zuwa Kano, da ungozoma, su ne ba mai riƙe musu.

Ku yi lissafi. Wanda aka haifa a 1944, shekarar da Sarkin Katsina Dikko ya rasu Usman Nagogo ya hau, ya riga ya haura tamanin. Ke nan wanda zai ce maka ya ga zamanin Dikko da wayonsa sai ɗan casa'in. Saura duk ji suka yi. Ba laifi ba ne, amma dole a bambanta gani da ji, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi. Saboda haka minti na farko na kowace naɗa ba na labari ba ne. Mai naɗa ya faɗi da bakinsa: yau ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza, muna unguwa kaza, ni wane, ina tare da wane ɗan wane, sana'arsa kaza, kuma akwai wane da wane a zaune. Sannan dattijon ya faɗi da muryarsa cewa ya yarda a ɗauka. Sunan fayil yana iya sauyawa, takarda tana iya ɓata, amma abin da ke cikin muryar yana tafiya da ita duk inda ta je.

Ɗan Daura: Malam, Allah ya ƙara sani. Amma kada a tsorata yara da maganar kayan aiki. Waya ta isa ko ba ta isa ba?

Mai gyaran rediyo: Ta isa, in an bi ta da ƙa'ida. Abu na farko, a danna alamar jirgin sama, domin kira ɗaya kan yanke naɗa a wayoyi da yawa, kuma ba za ka sani ba sai ka koma gida. Na biyu, kada a yi da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ne ya zubar da mafi yawansa. A sauke manhajar naɗa da ke ba da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a sa ta a 48 kHz. Awa ɗaya ta layi guda (mono) a 16-bit tana cin megabait 345 ko kusa da haka, a 24-bit kuma wajen 520. Memori mai gigabait 32 zai ɗauki awa sittin ko a babban saitin, don haka ba hujjar komawa MP3 saboda wuri. MP3 na rabawa ne, WAV na ajiya.

Abin da ya fi lalata aiki ba wayar ba ce, nisa ne. Makirufo ya kasance taƙi ɗaya zuwa biyu daga baki. In an samu ɗan ƙaramin nan na maƙalawa a riga, a maƙala shi a ƙirji, amma a duba kada rawani ko mayafi ya riƙa gogarsa, kuma babbar riga mai sitaci ƙara take yi duk motsi. In wayar za a ajiye, a ɗora ta kan filo ko darduma a naɗe, ba kan tebur ko tire ba. A yi gwajin daƙiƙa talatin, a saurara da iyafis, sannan a fara. In manhajar tana nuna ma'auni, muryar ta riƙa kaiwa wajen -12, kada ta taɓa ja. Muryar da ta yi ƙasa ana ɗaga ta a kwamfuta, wadda ta fashe kuwa ba ta gyaruwa.

Mai gyaran rediyo: Na manta ɗaki. Ɗakin ƙasa mai azara da tabarmi ya fi falon siminti da tayil nesa ba kusa ba, domin falon amsa-kuwwa yake yi. A kashe fanka ko da ana zafi, iskarta tana bugun makirufo kamar ganga. Firij, janaretan maƙwabta, injin markaɗe, ruwan sama a kan kwano, duk kunne yana mantawa da su, na'ura ba ta mantawa. Carbi ma, in dattijo yana ja kusa da makirufo, ƙas-ƙas ɗinsa zai bi hirar daga farko har ƙarshe. Ba a cewa ya ajiye, sai dai a matsar da makirufon sama.

Hajiya Malama: Duk kun yi maganar zaure, ba wanda ya shiga cikin gida. Rabin tarihin gari yana wurin tsofaffin mata: wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, me aka ci a shekarar yunwa, waƙoƙin daɓe da na niƙa da na reno. Namiji baƙo ba zai samo wannan ba ko an ba shi izini. Mace za a tura, kuma jika ta fi 'ya, saboda wasan jika da kaka yana buɗe bakin da kunya ta rufe.

Sai a kula da alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, wata ma ko na surukanta. Za ka ji "Malam", "mai gidan nan", "yaron nan", ko "mai sunan Malam" in jikan ya ci sunan. Kada a matsa mata, rashin ladabi ne kuma hirar za ta mutu. Bayan an tashi a samu wata a gidan ta warware sunayen, a rubuta a takardar da ke tare da naɗar. In ba a yi haka ba, nan da shekara ashirin za a saurari awa biyu ba a san ko mutum ɗaya da ake magana a kansa ba.

Lokaci kuma: hantsi, bayan an karya an kimtsa, ko tsakanin la'asar da magariba. Ban da Juma'a, ban da yammacin azumi, ban da ranar kasuwa. Wanda ya je wa mutumin Mai'aduwa ranar Lahadi ya ɓata man mashin ɗinsa. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Zama uku gajeru sun fi ɗaya dogo, kuma abin kirki a zama na biyu yake fitowa, bayan ta kwana tana tuno.

Malamin tarihi, Ƙofar Ƙaura: Hajiya ta gama magana. In ƙara a kan tambaya: kada a ce "Baba ba mu tarihin garin nan". Zai ba ka abin da ya ji a rediyo. A fara da shi kansa. A wane gida aka haife ka, wa ya yi maka kaciya, wace makarantar allo, da me ake biyan kuɗin Laraba, ranar da ka fara zuwa kasuwa kai kaɗai me ka sayar. Daga nan gari zai fito da kansa. Kuma in ya yi shiru a bar shi. Matasa suna tsoron shiru, sai su cusa wata tambayar alhali tsohon yana lalubo suna ne.

Ɗan Daura: Wannan ta rediyo gaskiya ce, a nan Daura ma ta fi tsanani. Tambayi kowa labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, zai ba ka shi daidai da na littafin firamare, har jerin Hausa Bakwai. Ba ka samu sabon abu ba, littafin ne ya dawo maka ta bakin tsoho. Maganinsa tambaya ɗaya: wa ya ba ka wannan labarin, kana da shekara nawa, a ina? In ya ce kakata ce, ita kuma a fada ta tashi, ka samu isnadi. In ya ce malamin aji, ka rubuta hakan. Abin da ba ya cikin littafi shi ne wa ke ɗiban ruwa a rijiyoyin unguwa, yaushe suka ƙafe, gidajen wa aka rushe da aka fitar da titi.

Ɗalibar jami'a: Malam, matsalar shekaru fa? Dattawa ba sa cewa 1965, sai "lokacin ina saurayi".

Malamin tarihi, Ƙofar Ƙaura: 'Yata, ba a tambayar shekara, ana tambayar abin da ya faru kusa da ita. Ki tafi da jerin abubuwan da kwanan watansu ya tabbata, ki riƙa aunawa da su. Zuwan Sarauniya Kaduna 1956. 'Yancin kai 1960. Kisan Sardauna Janairun 1966. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawar mota hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, Janairun 1973, kuma a tsakanin nan ne aka yi babban fari. Kisan Murtala da fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta, 1976. Soke haraji da jangali zamanin Balarabe Musa, lokacin muna cikin jihar Kaduna. Rasuwar Sarki Nagogo 1981. Canjin launin kuɗi da farin 1984. Ƙirƙiro jihar Katsina, Satumban 1987. Sanƙarau na 1996. Rasuwar Sarki Kabir Usman 2008.

Sai ki ce, "Baba da aka yi auren, da sule aka biya sadaki ko da naira?" In ya ce fam goma, kin san kafin 1973 ne, ko da yake ki yi hattara, mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam, kwabo goma sule, bayan canjin. Shi ya sa ma'auni ɗaya ba ya isa, sai biyu: "Sardauna yana da rai?" Ga mata kuma haihuwa ce kalanda: "kina goyon wa?"

Ɗan Daura: Jerin sarakunan nan na Katsina ne, kada a kai shi Daura. Mu namu: Sarki Abdurrahman ya rasu 1966, Muhammadu Bashar ya hau har 2007, sai Umar Faruk Umar. Kuma 1966 tarko ce a nan, domin "shekarar da aka yi babban rashi" tana iya zama Sardauna, tana iya zama Sarki. A tambaya wanne.

Alaramma: Wanda ya samu shekarar Hijira a bangon littafi ko bayan Alƙur'ani, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa, ga lissafi: a raba shekarar da 33, a cire abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1400: a cire 42, saura 1358, a ƙara 622, ya ba da 1980, kuma shekarar ta kama ne a Nuwamban 1979. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya. Amma a rubuta ta Hijirar yadda take, ta Miladiyya a gefe, kada a goge asali.

Ku kuma kula da nasaba. "Kakana" a bakin Bahaushe yana iya zama kakan kakansa. "Babana" yana iya zama wan uba ko ƙanen uba, "ɗan'uwana" kuwa ba iyaka. Duk sunan da ya fito a tambaya: shi ya haife ka ko riƙo ne? Uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba? In an ce tsakanin mutum da zamanin Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, kakanni biyu ne kacal, an tsallake wasu, domin wajen shekara ɗari biyu ake magana.

Malamar Hausa: Sai rubutawa, inda yawancin masu zumuɗi ke zubewa. Awa ɗaya ta hira tana cin awa shida zuwa takwas kafin a mayar da ita rubutu. Wanda ya naɗi awa hamsin ya ɗauko wa kansa aikin wata biyu cur. Don haka kada a ce sai an rubuta komai. A ranar da aka yi hira, tun tana kai, a yi mata manuniya: minti 00 zuwa 07 asalin gidan, 07 zuwa 19 marina da masu sayen baba, haka har ƙarshe, da jerin sunayen mutane da wurare. Shafi ɗaya ya isa. Cikakken rubutu sai ga wuraren da suka cancanta.

In za a rubuta, a rubuta yadda ya faɗa. Ya ce "tahi", kada a mayar "tafi". Ya ce "ɗiyata", "na ba shi", "mashi", a bar su. Katsinanci da Dauranci suna cikin abin da ake adanawa, wanda ya gyara su zuwa Hausar jarida ya goge rabin shaidar. A sa ɓ, ɗ, ƙ a rubutu, Gboard yana da su, domin "ƙofa" da "kofa" mai karatu zai gane, amma sunan unguwa ko laƙabin da bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Inda ba a ji ba a rubuta "ba a ji ba" da mintinsa, kada a cike da zato.

Ɗan Daura: In tsoho ya yi kuskure ƙarara fa? Ya ce Kwalejin Katsina bayan yaƙin Hitila aka buɗe ta, alhali tun 1922 take, har ta koma Kaduna a 1938.

Malamar Hausa: A bar maganarsa, a sa gyara a ƙasa da sunan mai gyaran. Wataƙila ma wata makarantar yake nufi, sai a koma a tambaye shi.

Ma'ajin takardu: Ni inda nake da ja shi ne duk wannan naɗa ce, ba ajiya ba. Abin da ke cikin waya ɗaya bai ajiyu ba: a sace ta, ta faɗa ruwa, mai gyara ya wanke ta. A daren da aka dawo a kwafe zuwa kwamfuta. Kwafi uku ake so, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gida ko wani gari, saboda gobara da ɓarawo ba sa zaɓe. Filash da memori na ɗauka ne, ba na ajiyar shekaru ba, ga jabu sun cika kasuwa: an rubuta gigabait 64, cikinsa takwas, in ya cika sai ya riƙa taka na farko ba tare da ya faɗa maka ba. Kafin a yarda da sabo a cika shi taf, a buɗe fayil na farko da na ƙarshe. Had-dis na waje ya fi, a jona shi sau biyu a shekara a saurari wasu, a sauya shi bayan shekara biyar ko kusa. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wajen awa 29 ke nan a babban saiti, amma yana iya rufe asusun da aka bari shekara biyu ba a shiga ba, kuma in mai lambar sirri ya rasu shi ke nan. Mutum biyu su san ta.

Sunan fayil: shekara, wata, rana, gari, unguwa, lamba. Kamar 2024-03-09_Katsina_KofarSauri_01. A nan kam ban da haruffa masu lanƙwasa, wasu na'urori kan mayar da su alamar tambaya. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, ba a matsayin sauti ba. Na asali ba a yanka shi ba a tace shi, kwafi ake taɓawa.

Mai gyaran rediyo: Ma'aji ya tuna mini kaset. Gidaje da yawa suna da kwalin kaset na wa'azi, na biki, da saƙon murya da alhazai da 'yan ci-rani kan aiko. Kada a cusa shi a rediyon da ta shekara ashirin a ajiye, bel ɗinta ya narke, za ta tauna zaren. A fara ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure. A leƙa ƙaramin soson da ke ƙarƙashin zare, yakan faɗi, in babu shi murya ba ta fita sosai, ana liƙa wani daga kaset marar amfani. A juya da biro a ga yana tafiya, a wuce da shi gaba a dawo da shi sau ɗaya. A goge kan rediyo da auduga da sifirit. Sannan a jona kebul daga ramin iyafis na rediyon zuwa kwamfuta, a naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. Kaset mai alamar C90 minti 45 ne kowane gefe, ba a gaggauta shi. Wanda ya yi fumfuna a ware shi daban. Bayan an kwafe kada a yar da kaset, a ɗauki hoton rubutun jikinsa ma.

Ma'ajin takardu: Takardu da hotuna kuma, don Allah a daina laminatin. Zafi da gam suna shiga takardar, ba a ɓarewa. Rasit ɗin haraji, takardar gona, fasfon Hajji ta ƙasa, a yi musu sikanin a saitin 600 dpi, gaba da baya, ko hoto a inuwa ban da filasha. A ajiye a kwali sama da ƙasa, nesa da bango saboda gara, ba cikin leda ba domin tana tara gumi da damina. Bayan hoto da fensir ake rubutu, biro yana hudowa. A kai wa tsohuwa hoton rikoda tana aiki, ta faɗi na dama da na hagu. Littattafan ajami na cikin gafaka ba ɗinkakku ba ne, kada a ce za a jera su. A ɗauke su yadda aka same su, kalmar da ke ƙasan kowane shafi ita ce farkon na gaba, masani zai jera daga hotunan.

Ɗalibar jami'a: To in an gama, a zuba a Facebook da YouTube kowa ya amfana mana.

Hajiya Malama: A'a 'yata, ba duka ba. Yardar a naɗa daban, yardar a watsa daban. Cikin hirar nan za a ji asalin bauta na wani gida, rikicin gado, iyakar gona, wanda aka tuɓe daga sarauta, wanda ya sa aka ɗaure wani zamanin NEPU da NPC. Jikokinsu suna nan, wasu ma sun auri juna. Minti biyu da aka yanko aka watsa ya isa ya raba zumunci. A tambayi mai maganar tun yana raye: wanne za a saki yanzu, wanne sai bayan ransa, wanne na iyali ne kawai. A naɗi amsar. Kuma a mayar wa gidan da kwafinsu kafin kowa ya ji.

Ɗan Daura: Na yarda, amma kada rufewar ta yi yawa har tarihin ya koma na yabo zalla. A rufe na shekaru, kada a goge.

Malamin tarihi, Ƙofar Ƙaura: Haka ne, ba a gogewa. Kwafi na uku da Ma'aji ya ce a kai wani wuri, ana iya tuntuɓar Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ko sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Gidan Arewa a Kaduna. Duk inda za a kai, a yi takarda: me aka bayar, guda nawa, wa zai iya saurara, daga yaushe, kowane ɓangare ya riƙe kwafi mai sa hannu.

Goro kuma a kai shi a matsayin gaisuwa, tun a farko, ba a ƙarshe ba. In ya zama ladan labari, labarin zai riƙa tsawo gwargwadon kuɗin.

Mai kula da zaure: Madalla. Masu zuwa Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga su haɗa jerin dattawansu kafin Asabar, da shekarun kowa ko da kintace ne. Mai gyaran rediyo, wane irin makirufon riga za su nema, mai ramin iyafis ko mai shiga wurin caji?

Mai gyaran rediyo: Ya danganta da wayar. In tana da ramin iyafis, a duba bakin makirufon ya kasance mai zobe uku baƙaƙe, mai zobe biyu na kyamara ne, waya ba za ta gan shi ba, sai ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon kai kana zaton na riga ne ke aiki. A gwada a shagon kafin a biya: a kunna naɗa, a ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, a saurara.